Wuƙa da nama a hannu ɗaya: abin da ƙarar Michael Jordan ta tona a tseren motoci

Ranar 11 ga Disamba, 2025, aka rufe wata shari'a a kotun tarayya da ke birnin Charlotte a Amurka ba tare da an kai ga hukunci ba. Masu ƙara ƙungiyoyin tseren mota ne guda biyu: 23XI Racing ta Michael Jordan, gwarzon ƙwallon kwandon nan da ko yaran zango sun san hotonsa a jikin takalmi, da Front Row Motorsports ta wani ɗan kasuwa mai suna Bob Jenkins. Wadda suka kai ƙara kuwa ita ce NASCAR, hukumar da ke gudanar da tseren motoci mafi farin jini a Amurka. An fara sauraron shaidu ranar 1 ga watan, kafin a cika mako biyu sai hukumar ta amince da sulhu, ta ba da babban abin da ta daɗe tana cewa ba za ta bayar ba.

Na san wani zai ce, to Malam, mu da ke fama da kuɗin haya da kuɗin makarantar yara, ina ruwanmu da faɗan attajirai a kan motocin da ba mu taɓa gani ba sai a waya? Ai da ruwanmu. Cire motar ka ajiye gefe, abin da ya rage tambaya ce da kowane ɗan ƙungiya ya sani, ko ta direbobi ce a tasha, ko ta mahauta, ko ta ƙwallon unguwa: in wanda ya kafa doka shi ne mai yanke hukunci, kuma shi ne mai riƙe da asusu, ina wanda aka cuta zai kai kuka?

Ra'ayina shi ne Jordan da Jenkins sun yi daidai da suka fita waje suka nemi alƙali. Amma akwai iyakar da nake ganin bai kamata kotu ta tsallake ba a harkar wasa, kuma zan zo kanta.

Bari mu fara da yadda gidan yake. Wani mutum mai suna Bill France ne ya kafa NASCAR a 1948 a garin Daytona na jihar Fulorida, kuma har yau mallakar iyalinsa ce. Lokacin wannan shari'a ɗansa Jim France ne shugaba. Ita ke rubuta ƙa'idojin tsere, ita ke hukunta wanda ya saɓa. Ita ke sayar wa gidajen talabijin haƙƙin nuna gasar, kuma yarjejeniyar da ta ƙulla ta shekara bakwai, daga 2025 zuwa 2031, ta kai dala biliyan 7.7. A 2019 ta saye kamfanin da ya mallaki da yawa daga manyan filayen tseren. Tun 2022 kuma motar da ake tsere da ita sai an sayi kayan haɗinta daga kamfanonin da hukumar ta zaɓa. Kun ga ke nan, filin nata, dokar tata, kuɗin ta hannunta yake bi, har shagon da za ka sayi kayan gyara ita ke nuna maka. Wannan shi Bahaushe ke cewa ga wuƙa ga nama.

Su kuwa ƙungiyoyi su ke biyan direba da makanikai da injiniyoyi, su ke ɗaukar asara in mota ta daki bango. Abin da suke riƙe da shi wata takarda ce da aka ɓullo da ita a 2016, wadda za mu iya kira lasisin gurbi. Guda 36 ne kacal. Mai lasisi yana da tabbacin shiga kowane tsere da samun kaso daga kuɗin gasa, kuma yana iya sayar da shi. A 2023 an sayar da ɗaya a kan kusan dala miliyan 40. Matsalar ita ce a wancan lokacin lasisin yana da wa'adi. In wa'adi ya cika, sai an koma teburin hukuma an sake ciniki. Kamar mutum ne ya zuba duk jarinsa ya gina rumfa a kasuwa, amma duk bayan 'yan shekaru sai ya je gaban mai kasuwa ya ji ko za a bar shi, da kuma a kan nawa. Abin da ƙungiyoyi suka fi nema shi ne a mai da lasisin na dindindin. Hukuma ta ce a'a.

Bayan dogon ja-in-ja, ranar 6 ga Satumba, 2024, NASCAR ta miƙa musu tayi na ƙarshe, ta ba su 'yan sa'o'i su sa hannu ko su rasa gurbi. A cikin takardar har da sharaɗin da ke toshe wa mai sa hannu hanyar kai hukumar ƙara a kan babakere. Ƙungiyoyi 13 cikin 15 suka sa hannu. Biyu suka ƙi, kuma ranar 2 ga Oktoba suka shigar da ƙara a ƙarƙashin dokar hana babakere ta Amurka, wadda aka kafa tun 1890.

Wannan sharaɗin na hana kai ƙara shi ya fi tsaya min a rai. Mutum yana iya karɓar farashin da bai yi masa daɗi ba, haka kasuwa take. Amma a ce sai ka yafe haƙƙin kai kuka kafin a bar ka ka nemi abinci, wannan ya wuce ciniki. Wanda ya tabbata yana kan gaskiya ba ya buƙatar ka rantse masa cewa ba za ka taɓa zuwa gaban alƙali ba.

Kuma ba yau aka fara ba. A 1961 wani shahararren direba, Curtis Turner, ya yi ƙoƙarin haɗa direbobi cikin ƙungiyar ƙwadago, sai Bill France ya kore shi daga gasa, ba a dawo da shi ba sai 1965. A 1969 manyan direbobi ƙarƙashin jagorancin Richard Petty suka ƙaurace wa tseren farko a filin Talladega saboda tayoyi ba sa jure gudun da ake yi a wurin. France ya nemo wasu direbobi ya cike gurbinsu, aka yi tsere, ƙungiyar direbobin kuma ba ta daɗe ba ta watse. Duk wanda ya san wannan tarihi zai gane abin da ya sa mutum 13 suka sa hannu a daren nan. Sun ga abin da ya sami na gabansu.

Adalci ne a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, don tana da nauyi. Iyalin France sun ɗauki wasan da ake yi a bakin teku da turbaya suka mai da shi harkar biliyoyin daloli, sun yi shekara fiye da 70 suna gini. Hukumar ta ce sabuwar yarjejeniya ta ƙara wa ƙungiyoyi kuɗi, darajar lasisi ta yi ta hawa, kuma mafi rinjaye sun amince, don haka masu ƙara suna son su samu a kotu abin da suka kasa samu a teburin ciniki. Ita ma ta shigar da tata ƙarar tana zargin ƙungiyoyin da haɗa baki a kanta, ko da yake alƙali Kenneth Bell ya yi watsi da wannan kafin a fara zama. Ban ƙi cewa mai gini yana da haƙƙin cin gajiyar gininsa ba. Abin da na ƙi shi ne a ce don ka gina gida, kai ne kuma alƙali tsakaninka da ɗan haya. Maganar mafi rinjaye sun amince kuwa, amincewar da aka samu da agogo a gaba da barazanar rasa sana'a a baya, wane malamin fiƙihu ne zai kira ta yarda?

Hanyar ba ta zo wa masu ƙara da sauƙi ba. A Disamban 2024 alƙali ya ba su umarnin wucin gadi na ci gaba da tsere kamar masu lasisi, amma a Yunin 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi. Suka ƙarasa kakar ba lasisi, da kuɗin shiga da bai kai na sauran ba. Sai dai kotu tana da wani abu da zaman cikin gida ba shi da shi, wato tilasta wa kowa ya buɗe littafinsa. An fito da lissafin kuɗi da saƙonnin waya, har aka ga yadda wani babban jami'in hukumar yake aibata Richard Childress, dattijon da ƙungiyarsa ta ci gasar sau shida tare da direba Dale Earnhardt, wanda kuma yana cikin waɗanda suka sa hannu. Alƙali ya kuma riga ya yanke cewa a wannan matakin na tsere NASCAR ce kaɗai kasuwar da ƙungiya za ta iya kai hajarta. Da aka kai nan, sai ga sulhu: lasisi ya zama na dindindin, ƙungiyoyin biyu suka karɓi nasu guda shida, ba a bayyana adadin kuɗin da aka biya ba.

Mu Musulmi muna girmama sulhu, kuma a unguwanninmu an fi so a kashe magana a zauren sarkin zango ko gaban liman. Ina tare da wannan. Amma ku lura da lokacin da sulhun ya samu a nan. Shekara biyu ana zama cikin gida ba a samu ba. An same shi ne bayan ƙarami ya sami wurin tsayawa kafaɗa da kafaɗa da babba. Sulhun da ake yi alhali ɗaya ba shi da inda zai je, sunansa haƙuri dole. A tarihinmu ana ruwaito cewa Sayyidina Ali, yana halifa, ya yi jayayya da wani mutum a kan sulke, bai ƙwace da ƙarfin mulki ba, ya je gaban alƙali Shuraihu, alƙalin kuma ya yanke wa ɗaya mutumin saboda shaidar da halifa ya kawo ba ta cika ba. In halifa zai tsaya gaban alƙalin da ba shi ba, wace hukumar wasa ce ta fi ƙarfin haka?

A Turai ma an sha wannan darasi. Gasar Formula 1, wadda matasanmu suka fi sani saboda Lewis Hamilton, tana ƙarƙashin hukumar FIA mai hedikwata a Paris. Da can harkar doka da harkar kuɗi a cakuɗe suke, sai da Hukumar Tarayyar Turai ta sa baki, a 2001 aka amince FIA ta tsaya kan doka da tsaro, kasuwancin gasar ya koma hannun wani kamfani daban. Amma ɓangaren hukunci ya ci gaba da zama a hannun majalisar hukumar. Ita ce a 2007 ta ci ƙungiyar McLaren tarar dala miliyan 100 a kan mallakar bayanan sirrin Ferrari. Sai kuma abin kunyar Singafo na 2008, inda aka sa direban Renault, Nelson Piquet ƙarami, ya daki bango da gangan don abokin aikinsa Fernando Alonso ya sami damar cin tsere. Da asiri ya tonu a 2009, FIA ta haramta wa shugaban ƙungiyar, Flavio Briatore, harkar tsere ba tare da wa'adi ba. Briatore ya tafi kotun ƙasa a Paris, kuma a Janairun 2010 kotu ta soke haramcin. Kotun ba ta ce tseren Singafo halal ne ba. Ta dubi hanyar da aka bi ne, ta ga shugaban hukumar na lokacin, Max Mosley, wanda kowa ya san ba sa ga-maciji da Briatore, yana da hannu a buɗe bincike kuma yana cikin zaman hukunci. A shekarar ce FIA ta kafa wata kotun ladabtarwa daban, ta raba mai tuhuma da mai yanke hukunci.

Kun ga, ko mutumin da ake zargi da babban laifi yana da haƙƙin a bi hanya da shi, kuma gyaran da hukumar ta yi ya biyo bayan hukuncin kotun waje ne. Mu malamai mun san wannan a aikinmu. Ina koyar da yaro shekara uku, na fi kowa sanin ƙoƙarinsa, amma ranar jarrabawar ƙasa ba a ba ni takardarsa in duba. Ba wanda ya ce ni mazambaci ne. An dai san cewa zuciya ba ta da ƙashi, an gina tsarin yadda ba za a dogara da kirkina ba.

To ga iyakar da na ambata. Akwai bambanci tsakanin rigimar kwangila da haƙƙin sana'a, da rigimar wa ya ci tsere. Ta farko ta kotu ce. Ta biyu a bar ta a fili.

Ku tuna Abu Dabi, ranar 12 ga Disamba, 2021. Hamilton na gaba, kambu na takwas na hannunsa, sai wata mota ta yi haɗari aka fito da motar jagora mai rage gudu. Daraktan tsere Michael Masi ya bar motoci biyar kacal da ke tsakanin Hamilton da Max Verstappen suka wuce, ya sake buɗe tsere saura zagaye ɗaya, Verstappen da sababbin tayoyi ya wuce ya ɗauki kambu. Mercedes ta kai koke biyu, alƙalan tsere suka ƙi. Ta bayyana niyyar ɗaukaka ƙara, bayan kwana huɗu ta janye. An cire Masi daga muƙamin a Fabrairun 2022, kuma rahoton FIA na watan Maris ya amince an yi kuskuren ɗan'adam, amma sakamako ya tsaya. Har yau ina ganin an cuci Hamilton a daren nan. Duk da haka ban so a ce wani alƙali mai baƙar riga ya zauna bayan wata shida ya cire kofi daga hannun wannan ya ba wancan ba. Verstappen bai karya doka ba, ya tuƙa motarsa ne yadda aka buɗe masa hanya. Kuma ranar da aka buɗe wannan ƙofa, babu tseren da zai sake ƙarewa a fili, kowa zai ajiye lauya kusa da makanike, mai manyan lauyoyi ya zama zakara.

Kotun Landan ma kusan nan ta ja layi a ƙarar Felipe Massa. Shi ne ya rasa kambun 2008 da maki ɗaya tak a hannun Hamilton, kuma tseren Singafo yana cikin inda ya yi asarar maki. A Maris 2024 ya kai ƙarar FIA da kamfanin gasar da tsohon ubangidan harkar, Bernie Ecclestone, yana zargin sun san da maguɗin tun kafin a rufe kakar suka yi shiru, zargin da suka musanta. A Nuwamban 2025 alƙali ya bari wani ɓangare na neman diyya ya tafi gaba, amma ya ƙi buƙatar kotu ta furta cewa shi ya cancanci kambun. Wannan rabon ya yi min daidai. In an ɓoye gaskiya aka jawo wa mutum asara, a bincika a biya shi. Sunan da ke jikin kofi kuwa a bar shi.

Akwai wata suka da ba ni da cikakkiyar amsarta, kuma gara in faɗe ta. Wannan ƙofar kotu da nake yabo, wa ke iya shigarta? Jordan biloniya ne, ya ɗauko Jeffrey Kessler, lauyan da ya yi suna wajen kayar da manyan hukumomin wasanni a Amurka, ya jure wata 14 na kashe kuɗi. Ƙaramin mai ƙungiya da ya ci bashi ya sayi lasisi ba zai iya ba. Gaskiya ne. Sai dai wannan hujja ce ta a sauƙaƙa hanyar neman adalci, ta hanyar kafa masu sasanci masu zaman kansu da ba hukuma ke naɗa su ko biyansu ba. Tsadar kotu ba ta zama dalilin toshe ta. Kuma sanin cewa ƙofar tana nan, ko ba a shiga ba, yana sa mai iko ya tauna kafin ya haɗiye.

Maganar ta fara matso kusa da mu. Rabon Afirka da Formula 1 tun tseren Kyalami na 1993 a Afirka ta Kudu, kuma a Disamban 2024, lokacin taron FIA a Kigali, Shugaba Paul Kagame ya sanar cewa Ruwanda na neman karɓar gasar. Duk ƙasar da za ta zuba kuɗin talakawanta a irin wannan harka, ya kamata 'yan majalisarta su karanta shafin da ke faɗin inda za a kai ƙara in an saɓa, kafin su kalli hoton filin. Masu bin ƙwallon ƙafa kuwa sun san dokokin FIFA sun hana kai rigimar ƙwallo kotun ƙasa, sai kotun wasanni ta Lausanne a Suwizalan. Ƙaramin kulob na garinmu ya taɓa lissafa kuɗin zuwa can?

A ƙananan ƙungiyoyinmu ma, in za a rubuta tsarin mulki, ina roƙon a yi tambaya uku kafin kowa ya dangwala hannu. Wa ke kafa doka? Wa ke hukunta wanda ya saɓa? Wa ke riƙe kuɗi? In amsar duka ukun sunan mutum ɗaya ne ko gida ɗaya, a raba, ko da mutumin waliyyi ne, don ba shi zai dawwama a kujerar ba. In kuma aka ga layin da ke cewa duk wanda ya kai magana waje an kore shi, a nemi a goge shi, a sa a madadinsa cewa za a fara da sulhun cikin gida, in ya gagara a tafi wurin wanda ba shi da kaso a ciki.

Su kuwa ƙungiyoyi 13 da suka sa hannu a daren 6 ga Satumba, sulhun ya haɗa da su. Lasisinsu ma ya zama na dindindin, alhali ba su suka shigar da ƙarar ba. Mutum biyun da aka yi wa kallon masu tada zaune tsaye su suka ɗauki wahalar, kowa ya ci moriyar. Don haka in wani a cikinmu ya miƙe a taro ya ce ba zai sa hannu ba sai ya karanta, a daure a ba shi kujera ya karanta.